Sunan da ke Wuyan Hannunsa

Litinin, 11 ga Zulhajji, bayan azahar

Bai dawo ba. Na tuƙa tuwon alhazai kamar kullum, na sayar a bakin lungunmu na Misfala, nan Makka, na ajiye masa malmala biyu a kula. Ƙanwarsa Maha, 'yar autata, ta ce in daina leƙa ƙofa, ai masu tura keken tsofaffi ba sa dawowa sai an gama jifa. Na sani. Amma wayarsa a kashe take tun ranar Arfa.

Wannan littafin rubutu shi ya saya mini. Ya ce in riƙa rubuta layi uku kullum don kada hannuna ya mance. Shekarata arba'in da shida lokacin da na fara gane baƙi, shi ya koya mini a bayan kwalin dabino. Yau na wuce layi uku.

Talata, 12 ga wata, hantsi

Zafin bana ba a magana. Na taɓa ƙofar ƙarfe da safe ta ƙone ni.

Laraba, 13 ga wata, bayan la'asar

An gama jifa. Yaran lungu duk sun dawo, baƙi ƙirin, ƙafafu a kumbure. Na tambayi uku daga cikinsu. Ɗaya ya ce ya gan shi ranar Arfa da hantsi yana tura wata tsohuwa, lemarsa a kanta. Ban da wannan babu.

Kabira maƙwabciyata ta shigo da kunun tsamiya. Ta zauna tana ta surutun tsadar tumatir, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Ni ma ban ɗago maganar ba. Mu biyu mun san da katin wa ya fita. Ɗanta Usaini yana da iƙama, takardar zaman ƙasa, shi aka ba izinin aikin keke, da kati na wuya da munduwar roba mai sunansa. Sai ya samu aikin otal mai sanyi, ya ba nawa. Sun yi kama, tun suna yara ake ce musu tagwaye. Kowace shekara haka ake yi a lungun nan, mai takarda ya ara wa marar takarda, babu wanda ya taɓa ganin laifin abin.

Nawa a ɗakin nan na haife shi, a kan tabarmar da nake zaune yanzu. Babu wata takarda a duniya mai sunansa.

Alhamis, 14 ga wata, bayan asuba

Na zubar da tuwon. Na tuƙa wani.

Juma'a, 15 ga wata, bayan masallaci

A Harami bayan kowace salla ana kiran sallar gawa. Shekara ashirin da bakwai ina jin wannan kira, ina tashi ina bi. Yau ban tashi ba.

Da na dawo na share kusurwarsa. Littattafansa uku suna nan ƙarƙashin katifa, na Bafaranshen nan matuƙin jirgin sama, waɗanda aka juya zuwa Larabci. Tun yana ɗan sha biyar ya kamu da mutumin nan. Marigayi babansu ya yi makarantar Faransanci a Maraɗi, shi ya fara ba shi labarinsa: wai yana ɗaukar wasiƙun mutane a jirgi ya ƙetare hamada da su, zamanin da jirgi bai fi akwatin katako ƙwari ba. Ɗaya daga littattafan ƙarami ne mai zane-zane, na yara, wai babu ƙasar da ba a karanta shi. Nawa ya fi son babban, wanda mutumin ya ba da labarin aikinsa.

Yaron da bai taɓa shiga jirgi ba. A Makka ma da wuya ka ga jirgi a sama, sai mai saukar ungulu lokacin aikin hajji. In ya ji ƙararsa sai ya bar abinci ya hau rufi. Nakan ce masa, “Sauko, ba kai suka zo ɗauka ba.” Ya ce, “Wata rana, Ummi.”

Babban littafin ne yake juya mini zuwa Hausa a wani littafin rubutu mai koren bango, don in samu abin karantawa da ya wuce sunayen kayan miya. Na ɗauko shi na ajiye a gefen filo. Ban buɗe ba.

Asabar, 16 ga wata, azahar

An kira wayar Kabira daga asibiti.

Ina wurin, na je aron turmi. Usaini yana zaune yana cin shinkafa da hannu. Ta ɗauka, ta saurara, ta dubi ɗanta. Ta ce da Larabci, “Na'am, ni ce uwarsa.” Ta sake saurara. Sai ta kashe wayar ta ajiye a ƙasa a hankali, kamar ƙwai.

Usaini ya ce, “Wa ke nan?”

Ta ce, “Ci abincinka.”

Na ɗauki turmin na dawo gida. Na daka yaji. Ban san me zan yi da yaji mai yawa haka ba.

Lahadi, 17 ga wata, hantsi

Ana kuskure. Mutum nawa ne a Mina. Munduwa tana tsinkewa, wani ya tsinta.

Lahadi, bayan magariba

Ana kuskure.

Talata, 19 ga wata, bayan la'asar

Na buɗe koren littafin. Rubutunsa manya-manya ne saboda idona. Da yatsa nake bi, shafi ɗaya yakan ci mini rabin awa.

Mutumin ya faɗi da jirginsa a hamada, shi da makanikinsa. Ba su mutu ba. Ruwansu kaɗan ne, ba su san inda suke ba, suka kama tafiya. Na kai inda harshensu ya bushe har yawu ya daina zuwa, suna ganin tabki inda babu tabki. A gefen shafin nawa ya rubuta da jan biro, “Ummi, ki sha ruwa kafin ki ci gaba.” Haka yake, ko a rubuce sai ya tsokane ni.

Na juya shafi. Fari ne. A nan ya tsaya, ranar da zai tafi Mina. Ya bar su a tsakiyar rairayi.

A bangon littafin ya ja layi ya rubuta “Mai fassara”, ya bar gaban wurin babu komai. Na tuna ranar. Ya miƙo mini biro ya ce ni zan cike. Na ce ba ni ba. Ɗan fari ne, a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce, haka na ga uwata ta yi da yayana har ta koma ga Allah. Yayan Maha nake ce masa, kafin a haifi Maha kuwa “kai” kawai.

Ya ce, “Ummi, an ce kada ki faɗa da baki. Wa ya hana biro?”

Na ce, “Biro ma bakin hannu ne.”

Ya ce, “Kin rubuta albasa, kin rubuta tattabara, kin rubuta kuka da daddawa. Ni kaɗai ne ban kai daddawa daraja ba.”

Na jefe shi da murfin tukunya. Maha tana ta dariya har da riƙe ciki.

Laraba, 20 ga wata, bayan azahar

Na ce wa Maha ta ɗauko na Larabcin ta karanta mini daga inda ya tsaya. Ita Larabci ne bakinta, Hausarta sai an lallaba. Ta ce, “La, a'a, Ummi. Shi zai ƙarasa miki.” Ta shiga banɗaki ta buɗe famfo, ta daɗe.

Alhamis, 21 ga wata, hantsi

Kabira ta zo da Usaini. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ƙi hawa tabarma. Ya rame.

Ta ce an kira shi ofis. An duba yatsun wanda ke kwance a asibitin, an ga ba na Usaini ba ne, ba na kowa ba ne da ke cikin na'urarsu. Yanzu tambaya ɗaya suke yi, yaya aka yi kati da munduwa suka je jikin wani. Ranar Lahadi zai koma da amsa.

Ta ce, “Yaya Zali, in ya ce aro ya bayar, ɗauri ne da tara, sannan tarhil. Za su kwashe shi su kai shi ƙasar da rabonsa da ita tun yana goye. In kuma kika je kika ce naki ne, za su ce ina takardarki, ina ta Maha. Kuma ƙofarki da tawa taku huɗu ne, ba sai an yi musu bayani ba.”

Na ce, “To me zai ce?”

“Zai ce sun faɗi a mota. Bai san wanda ya tsinta ba.”

“Wanda ya tsinci katin mutum ya rataya a wuya, me ake ce masa?”

“Ba mu ce ya sata ba, Yaya.”

“Me ake ce masa, Kabira?”

Usaini, da ke ce mini Khala, wato inna, ya ce, “Khala, wallahi in kin ce in faɗi gaskiya zan faɗa. Ni na kai masa har ɗaki. Ni na ɗaura masa a hannu, yana cewa ta matse shi.”

Uwarsa ta ce, “Rufe mini baki, ana magana da manya.”

Na tambaye su abin da ake yi da wanda ba a san shi ba. Kabira ta ce ana jira kwanaki, in babu wanda ya zo sai a rubuta majhul, wato ba a san ko wane ne ba, a yi masa salla a binne.

Na ce su ba ni zuwa Asabar. Da za su fita na ba ta yajin da na daka, kwano guda. Ta karɓa da hannu biyu tana kuka. Kabira ce ta yanke wa nawa cibiya.

Juma'a, 22 ga wata, bayan asuba

Ban ga fuskar ba. Tunda ban gani ba, ba a ce komai ba tukuna.

Juma'a, bayan la'asar

Na je wurin Malam Nuru a Rusaifa. Abokin babansu ne, shekara talatin yana aikin wankan gawa, ya san masu aikin a ko'ina. Na ce ina neman alfarma a duba mini wani abu a jikin wani bawan Allah. Tabon ƙuna a ƙwaurin hagu, mai faɗin tafin hannu. Man suya ne, yana shekara huɗu, ni na bar kaskon a ƙasa.

Bai tambaye ni ko wane ne ba. Ya ce, “Hajiya, sha shayinki, ya huce.”

Asabar, 23 ga wata, hantsi

Maha ta ce, “Ki je, Ummi. Halas, shi ke nan. Su kai mu Maraɗin, mutane ne a can su ma.” Na ce me za ki ci a Maraɗi, ke da ba ki iya gaida tsohuwa ba sai kin haɗa da Larabci. Ta ce za ta koya, ai ni ma na koyi karatu da furfura. Shekararta sha tara. Ba ta san kowa a can ba, ni ma waɗanda na sani duk suna ƙasa.

Na sa abaya. Na hau mota.

Asabar, bayan azahar

Na kai ƙofar asibitin. Akwai mai gadi da tebur, kowa yana miƙa kati kafin ya shiga. Na tsaya a inuwar wata bishiya a tsallaken titi. Na shirya maganar tun a mota, da Larabci, kalma biyar ce. Na ga wata Ba'indonesiya ta fito an riƙe ta, da takarda a hannunta. Na yi mata hassada, Allah Ya yafe mini. Takarda ce mai suna.

Na tsaya har inuwar ta bar ni. Na tuna Usaini a tsugune. Na tuna Maha a cikin motar tarhil da jaka ɗaya.

Wani mai shara ɗan Bangaladash ya miƙo mini gorar ruwa, ya wuce da tsintsiyarsa. Na sha. Na hau motar dawowa.

Na ƙwanƙwasa wa Kabira. Na ce, “Ya ce sun faɗi a mota.” Ban jira ta buɗe ƙofar duka ba.

Lahadi, 24 ga wata

Usaini ya je, ya dawo.

Talata, 26 ga wata, bayan magariba

Malam Nuru ya zo da kansa, da sandarsa, duk hawan lungun nan. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa ya ce, “Hajiya, kaskon nan da kika ce. Ki yafe wa kanki shi, ya daɗe da warkewa.”

Ya ce zai sanar da ni ranar da za a yi masa salla.

Maha ta fahimta kafin ni.

Laraba, 27 ga wata

Ban tuƙa ba.

Alhamis, 28 ga wata

Ban tuƙa ba. Alhazan Sakkwato sun aiko a tambaya ko lafiya. Na ce ciwon baya ne.

Asabar, 30 ga wata, bayan la'asar

Babu zaman makoki, tunda babu wanda ya mutu. Matan lungu suna shigowa ɗaya-ɗaya, kowace da dalilinta. Wannan aron gishiri, waccan ta zo nuna mini atamfa. Su zauna, su tafi su bar kwanon abinci. Babu wadda ta ce mini Allah Ya jiƙansa. Hure mai lalle ce ta kusa, ta ce, “Allah Ya sa inda ya je ya fi nan.” Na ce amin.

Litinin, 2 ga Muharram, hantsi

Yau Maha ta ɗauko littafin Larabcin ba tare da na roƙa ba. Ta zauna ta jingina da bayana don kada mu ga fuskar juna. Tana karantawa tana juya mini da Hausarta mai ɗingishi, ina gyara mata.

Sun tsira. Wani Balaraben daji ne ya bi ta wurin a kan raƙumi, ya gan su, ya ba su ruwa. Bai san yarensu ba, bai san ƙasarsu ba.

Na ce, “Ya tambayi sunansu?”

Ta duba ta ce, “Ba a faɗa ba.”

Na ce ta ci gaba. Ta ce akwai bayani a ƙarshen littafin game da marubucin, yayanta ya ja layi a ƙarƙashinsa. Bayan shekaru, lokacin babban yaƙi, ya tashi da jirgi wata safiya bai dawo ba. Babu gawa, babu kabari. Uwarsa ta rayu shekara ashirin da wani abu bayansa. Sai bayan shekara hamsin da 'yan kai wani masunci ya jawo raga daga teku, ya ga munduwar azurfa a ciki, da sunan mutumin a rubuce.

Maha ta ce, “Shufi, duba, Ummi, shi ma ba a gan shi ba.”

Na ce, “Uwar ta ga munduwar?”

Ta yi lissafi da yatsu. Ta ce a'a, ta riga ta rasu.

Tun ɗazu tsohuwar nan nake tunani. Ban san addininta ba, ban san ko tana tuƙa wani abu ta ajiye a kula ba. Ita an san sunan ɗanta a duk duniya, ba ta san inda yake kwance ba. Ni na san garin da nawa zai kwanta, garin da mutane ke sayar da gona don su mutu a cikinsa. Da za mu haɗu da na tambaye ta wanne ya fi sauƙi. Ina jin ba za ta amsa ba.

Teku ta riƙe sunan wancan shekara hamsin ta mayar. Nawa ko an tono munduwarsa bayan shekara ɗari, Usaini za a karanta.

Laraba, 4 ga wata, bayan azahar

Ina so in san ko wani ya ba shi ruwa. Wannan kawai. Ba sai an gaya mini sauran ba.

Alhamis, 5 ga wata

Saƙon Malam Nuru: gobe, bayan la'asar.

Juma'a, 6 ga Muharram, bayan magariba

Mun tafi da wuri, ni da Maha. A hanya na ji takun mutum a bayanmu, na waiga, Kabira ce. Ba ta matso ba, ban kira ta ba. A sahu sai na ga kafaɗarta a jikin tawa.

Aka idar da la'asar, aka yi kiran sallar gawa. Daga wurin mata ba a ganin komai sai bayan mutane. Ban san su nawa aka kawo ba, ban san na nawa ne shi a jere ba. Liman ya yi kabbara, masallacin duka ya amsa, mutanen da ba su ƙirguwa, daga kowace ƙasa. Kabira ta raɗa mini, “Ko sarki bai samu jama'a haka ba, Yaya.” Gaskiya ta faɗa. Babu ɗaya a cikinsu da ya san wa yake yi wa.

Bayan kabbara ta uku, inda ake yi wa mamaci addu'a, na buɗe baki in ce Yayan Maha. Sai na ga duk cikin taron nan ni kaɗai ce zan iya faɗa wa Allah ko wane ne. Na san Ya sani. Amma na buɗe baki, harshena ya ƙi. Shekara ashirin da biyar bai saba ba. Aka yi kabbara ta huɗu, aka yi sallama, aka ɗauke su da sauri kamar yadda ake yi. Mata ba sa bi. Usaini ya bi, shi da Malam Nuru. Da ya dawo ya ce ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin kowace makara, ɗaya bayan ɗaya, don kada ya kuskure.

Asabar, 7 ga wata, bayan asuba

Maha ta ce za ta ƙarasa fassarar, in ni zan riƙa gyara mata Hausa. Na ce to, amma ta fara a sabon shafi, ta bar inda ya tsaya yadda yake.

Na sha ruwa, kamar yadda ya ce. Na ɗauko koren littafin da jan bironsa. Na gwada sau uku a bayan kwali kafin in taɓa bangon, don kada in ɓata. Uwata ta yafe mini.

Mai fassara: Muttaka.

Ɗana ne. Ni na haife shi. Aro aka ba shi.